Tsohuwar Waya, Sabon Bashi

Mu mutanen Hawata ta ƙasar Sudan ba mu sayen waya da damina. Wa ke da halin saya? Daga saukar ruwan fari har riɗi ya yi fure, kuɗin kowa yana cikin ƙasa: iri, ladan tarakta, sallamar 'yan ƙwadago. Ga hanya ta koma taɓo, motar da ta taso daga Gadarif sai ta wuni ta kwana ba ta iso ba. Wanda fuskar wayarsa ta fashe a watan Agusta haƙuri yake yi, ya ɗaure ta da roba ya ci gaba da sha'aninsa. Amma bari a yanke riɗi, a tsayar da shi ya bushe, a kakkaɓe, a kai ma'auni. Ranar da kintari ya zama kuɗi, ranar teburan masu waya suke cika a kasuwa, kuma daga ranar hirar rumfa takan bar farashin dawa da labarin ruwan kogin Rahad ta koma kan tambaya guda: wacce za a saya?

Gardamar ba ta canzawa, bakunan ne kawai ke canzawa. Wasu suna cewa a sayi sabuwa a kwalinta ko da mai sauƙin kuɗi ce, Itel ko Tecno ko Infinix, wadda ba hannun da ya taɓa ta. Wasu kuma, galibi samari, suna cewa gara tsohuwar da ta yi tashe: Samsung ko iPhone da aka yi ta yayi shekara huɗu ko biyar da suka wuce, yanzu farashinta ya sauko. Su ne masu cewa da tsohuwar zuma ake magani, dattawa su mayar musu da cewa araha ba ta ado, a yi dariya a ƙara zuba jabana, gahawar nan tamu. Sai kuma mutanen da kuɗinsu bai kai na ko ɗaya ba, amma idonsu yana kan tsohuwar nan mai sheƙi. Su ne ɗan kasuwa yake ja gefe ya ce, “Ɗauki mana, ɗan'uwa. Kawo abin da ya sawwaƙa, saura ka biya da kaɗan-kaɗan.” Shi ke nan an shiga agsat. Kuma in aka ƙidaya kawuna a rumfar, yawancinmu a wannan rukunin muke, shi ya sa maganar take ci mini rai.

Kada wani ya ce ai kwaɗayin ado ne ke kai mutum. Da can ƙila haka ne. Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023, waya ta zama aljihun magidanci. Kuɗin takarda ya yi wuya, ciniki ya koma Bankak, manhajar Bankin Kartum: ka sayi sukari ka tura, ka nuna wa mai kanti sanarwar da ta fito, ya duba tasa ya gyaɗa kai. Da Madani ta faɗi a Disamba 2023, sannan Sinja da Dindir a tsakiyar 2024, baƙin da suka sauka a makarantu da gidajen 'yan'uwa da yawansu ba su fito da komai ba sai tufafin jikinsu. Wanda wayarsa ta tsira, shi ne ɗansa da ke Jidda ya iya turo wa na cefane a daren. Wanda aka ƙwace wa tasa a hanya, sai ya roƙi maƙwabci a turo ta asusunsa. A Fabrairu 2024, da layukan Zain da MTN da Sudani suka ɗauke, mun ga mai kuɗi a asusu ya rasa na albasa. A Disamba 2024 kuma aka canza takardar fam 500 da ta 1,000, aka ce kowa ya zuba tsohon kuɗinsa a banki. Wanda bai taɓa buɗe asusu ba ya buɗe, wanda ya buɗe kuwa dole ya nemi wayar da za ta ɗauki manhajar. Gwaggon da ta rantse ba za ta rabu da 'yar ƙaramarta mai madannai ba, yau ita ke kiran jika ya duba mata ko kuɗi sun shigo.

Ga kuma zumunci. Mu jikokin mutanen da suka kamo hanyar gabas ne, wasu da niyyar hajji, wasu bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna Mai Wurno da Gadarif da Mafaza da nan bakin Rahad. Danginmu a warwatse suke daga Kano har Makka. Tsoho ba sai ya iya rubutu a waya ba: ya danna ya yi gaisuwarsa da Hausa, ta isa Sakkwato kafin shayinsa ya huce. Wannan ba abin da mutum zai so ya rasa ba ne.

Asalin maganar rangwamen tsohuwar waya daga ƙasashen waje ta taso. Mu galibinmu layinmu na rasid ne: ka sa kati ka yi magana, ya ƙare ka yi shiru, ba mai binka sisi. A Saudiyya da Dubai da Ingila da Amurka, inda 'ya'yanmu da ƙannenmu suke neman abinci, akwai wani tsari daban. Kamfanin layi ne da kansa zai miƙa maka waya, ka sa hannu cewa za ka zauna a layinsa kana biyan kuɗin wata har wata 24, a Amurka ma manyan kamfanoni irin AT&T da Verizon sun kai shi wata 36. Kowace shekara kuwa sabon samfuri yake fitowa, Apple ta saba fito da nata a watan Satumba. Da ta bana ta shigo kanti, ta bara da ta bara waccan sun zama kayan da ake son rabuwa da su, sai a karya farashinsu, wani lokacin har a ce kyauta ce. Kyautar nan a gutsure take. Kowane wata ana yafe maka kaso ɗaya na kuɗin wayar muddin kana kan layin, kuma sau da yawa sai ka amince da tsarin wata mai tsada kafin a ba ka. Ranar da ka ce ka fasa, yafiyar ta tsaya, ragowar kuɗin wayar ya hau kanka.

Ga wanda yake zaune can daram, yana da albashi, kuma ko da waya ko ba waya zai biya kuɗin layin nan, ciniki ne mai kyau, ban musa ba. Ya sami wayar da ba a taɓa buɗe kwalinta ba, laifinta kawai an fito da wadda ta biyo bayanta. Amma kyan cinikin ya rataya ne a kan zama: shekara biyu ko uku a gari ɗaya, layi ɗaya, aiki ɗaya. Yaronmu da ke Riyad da iƙamar da ake sabuntawa, wanda kafilinsa zai iya sallamarsa gobe, ba shi da wannan tabbacin. Ya karɓi waya da sunan rangwame, aiki ya tsaya, bashi ya rage a wuyansa a ƙasar mutane.

Abin da ke iso mana nan shi ne ragowar wannan ciniki. Waya ta zo a jakar mai dawowa daga umara, ko ta hannun ɗan kasuwa ta Bur Sudan, tana walƙiya, ba ko ƙwarzane. A sa mata sim na Zain ta ƙi, a sa na Sudani ta ƙi. A kai wa mai gyara, ya juya ta ya juya, ya ce, “Kawu, wannan a kulle take. Ta kamfani ce, ba ta karɓar shariha tamu.” Wani kullen ana buɗe shi da kuɗi, sai ladan buɗewar ya cinye rangwamen da aka yi murna da shi. Wani kuwa ba ya buɗuwa. iPhone da tsohon mai ita bai cire asusunsa na iCloud ba, in ba shi aka samo ya cire da hannunsa ba, sai dai a farke ta a sayar da fuska daban, batir daban. Akwai ma wadda ba ta da ramin sim gaba ɗaya: tun daga iPhone 14 ta 2022, waɗanda ake sayarwa a Amurka ba a yi musu wurin sa kati, layin a cikin wayar ake rubuta shi. Mu kuwa da layi biyu muke yawo, domin wani yana kamawa a bakin kogi, wani sai ka hau tudu, wani da daddare kawai yake sakin intanet. Da wannan buƙatar ce kamfanin Transsion na birnin Shenzhen, mai Tecno da Itel da Infinix, ya kama kusan rabin kasuwar manyan wayoyi a Afirka: rami biyu na sim, batir mai daɗewa, farashin da talaka zai iya taɓawa.

Ba na ganin laifin yaran da suke turowa. Da kyakkyawar niyya suke yi, suna son Inna ta riƙe abin da za a gani a ce ɗanta yana waje. Abin da nake roƙonsu kawai, kafin a sa waya a jaka a tabbatar an gama biyanta, kamfani ya sake ta, an cire asusun da ke ciki. In hakan ba zai yiwu ba, a turo kuɗin a saya a Gadarif.

Namu bashin na gida ba takardar kamfani a cikinsa, mutunci ne jingina. Ɗan kasuwa ya san mahaifinka, ya san gonarka, ya san ƙofar gidanku. A ɗauki misali, a ce wayar da kuɗi hannu 100 ce. Da agsat sai a ce 140, ka ba da 40 kafin alƙalami, saura a wata huɗu. Mai saye ba ya jin 140 ɗin nan. Arba'in ya ji, kuma arba'in yana aljihunsa. Sai ya koma gida yana cewa ya sami araha, alhali ya sayi tsohuwa a farashin da ya kusa na sabuwa.

Dattawanmu sun san wannan tun ba a ƙirƙiro waya ba, domin sun san shel. Manomi abincinsa ya ƙare a tsakiyar damina, ya je wurin mai kuɗi ya karɓi na kashewa ko hatsi, a kan zai biya da riɗi ko dawa idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗin ya yanka, ƙasa da na kasuwa. An daɗe ana wannan a ƙasar Gadarif da Jazira, kuma gidaje da yawa sun noma shekara cur, ranar awo amfanin ya wuce rumbun wani. Saurayin da ya karɓi waya a watan Agusta ya ce zai biya da kintarin riɗi in an yanka, shel ya ci. Kakanninmu aƙalla hatsin da suka karɓa ya shiga cikin yara ya raya su har kaka. Tsohuwar waya tana iya mutuwa kafin riɗin ya nuna, kintarin kuwa sai an auna wa mai shi.

Sai dai a yi wa ɗan kasuwa adalci, domin shi ma yana da nasa kukan. Da dala ko riyal ko dirhami yake saro kayansa, da fam yake sayar mana. A Fabrairu 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ta tashi daga 55 ta koma 375 a rana ɗaya. Gab da yaƙi tana wajen 600, a 2024 ta haura 2,000 a kasuwar bayan fage. Wanda ya ba ka waya ya jira wata huɗu, kuɗin da za su dawo masa ƙila ba za su saro irinta ba. Don haka ƙarin da yake yi ba duka ne haɗama ba, wani kason tsoro ne. Kuma a nan akwai abin da masu gardamar rumfa ba su cika lura da shi ba: a lokacin da kuɗi ke zubewa, in an yanka farashi da fam an rufe magana, mai cin bashi ne wani lokacin yake cin riba, domin da kuɗin da ya rage daraja zai biya. 'Yan kasuwa sun fi mu sanin wannan. Shi ya sa wasu suke gajarta wa'adi, wasu kuma su ce bashin da riyal aka ƙulla shi, za ka biya da fam a kan canjin ranar biya. Wanda ya yarda da wannan ya sa hannu a kan abin da bai san iyakarsa ba. Mu kuwa tambayar da muke fara yi ita ce nawa ne kafin alƙalami. Da ma muna fara tambayar da wane kuɗi aka yanka, kuma in wata ya zo ba a samu ba, za a ƙara ko ba za a ƙara ba.

In aka kai maganar gaban malamai, amsarsu sananniya ce. Mafi yawansu sun halatta a sayar da kaya bashi a farashin da ya fi na kuɗi hannu, da sharaɗin a tsaya a kan farashi ɗaya kafin a rabu, kuma kada a ƙara ko sisi saboda jinkiri, domin ƙarin nan shi ne riba da aka haramta. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Jidda a 1990, kuma murabahar da bankunan Sudan suke yi a kan wannan tushen take. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Duk mun haddace ta tun muna makarantar allo. Amma in aka zo ciniki sai kunya ta kama mu. “Haba, Yaya, ni da kai har sai an rubuta?” I, sai an rubuta. Ni da kai ɗin nan ne ma ya sa ya kamata a rubuta, domin bare in kun saɓa kowa ya kama gabansa, ɗan'uwa kuwa gobe za ku haɗu a wurin suna, jibi a jana'iza. An yi gidajen da suka daina gaisawa a kan kaso biyu na kuɗin waya, wayar ma tuni ta mutu tana cikin akwati. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba abin kunya ba ne. Takarda da shaidu biyu ba sa rage wa kowa daraja.

Matanmu sun fi mu dabara a wannan fagen. Su da sanduk suke sayen waya, adashin nan da kowa ya sani. Wadda kwasarta ta zo ta tafi kasuwa da kuɗinta a hannu, ta ɗaga wannan ta ajiye, ta ce, “Ba ta yi mini ba, Alhaji,” ta wuce teburi na gaba, a kira ta a rage mata. Mai kuɗi a hannu yana taya kaya. Mai neman bashi ba ya tayawa, godiya yake yi. Adashin ma faɗuwar fam ta taɓa shi, domin ta ƙarshe a layi kuɗin da ta kwasa ba sa sayen abin da ta farko ta saya, shi ya sa yanzu suke rage yawan 'yan zubi, su maida shi na mako. Duk da haka ba wadda ke kwana da fargabar ɗan kasuwa zai aiko yaro ƙofar gida.

A Kenya da Nijeriya kuwa abin ya kai wani mataki. A 2020 kamfanin Safaricom ya fito da tsarin Lipa Mdogo Mdogo, mutum ya karɓi waya ya riƙa biyan shilin 20 kullum. Kamfanin M-KOPA, wanda ya fara da ba da fitilun sola bashi a Kenya, ya koma ba da waya, har ya shiga Nijeriya. 'Yan'uwanmu na Kano sun san irin wannan ciniki a kasuwar waya ta Farm Centre. Ba a neman gonarka, ba a tambayar wane ne ubanka. Jinginar a cikin wayar take: akwai manhajar da in ranar biya ta wuce ba ka biya ba, sai fuskar ta rufe har sai ka sauke nauyi. Mutane masu yawan gaske sun sami babbar wayarsu ta farko ta wannan hanyar, kuma ga mai samun kuɗi kullum, mai raksha ko mai shayi ko mai kai kifi kasuwa, tsarin ya dace da aljihunsa. In salama ta zauna, ina sa ran zai iso mana. Abin da nake tsoro shi ne manomi. Samunsa sau ɗaya ne ko biyu a shekara, manhajar kuwa ba ta san damina ba, ba ta san an yi fari ko tsuntsu ya sauka a dawa ba. Kuma mu da kuɗinmu ke zaune cikin wayar, in ta rufe da Bankak a ciki, da me za a biya a buɗe ta? Ɗan kasuwar unguwa ko ba komai ana iya aika masa dattijo ya ce, “Ka yi haƙuri da yaron nan zuwa kaka.”

Yanzu a ajiye bashin a dubi wayar kanta, domin samarin nan suna da gaskiyarsu, kuma ba na son a danne ta. Wayar da aka ƙera don masu hali shekara uku da suka wuce ta fi sabuwar mai araha ƙwari, ta fi ta hoto, ta fi ta wurin ajiya. Sabuwar da ƙwaƙwalwarta ba ta da yawa, kana buɗe WhatsApp da Bankak tare sai ta daskare, mai kanti yana jira, mutanen bayanka suna jira. Yaron da ke ɗaukar hoton mangwaro ko busasshen kifi ya tura wa dillali a Gadarif, da ɗalibar da jami'arta ta watse take bin darasi ta waya, suna buƙatar abin da zai yi aiki da sauri. Ba son girma ne ya sa suke hangen tsohuwar Samsung ba.

Amma tsufan waya a batir yake farawa. Apple da kanta ta ce batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an ƙera shi ne ya riƙe kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500, kuma ta ce zafin da ya wuce digiri 35 yana lalata shi. Mai caji kullum ya cika 500 ɗin nan kafin shekara biyu. Mu a watan Afrilu digiri 40 muke haurawa, wayar tana aljihun jallabiya a gona, ko tana kan teburin mai sola a jere da 'yan'uwanta, da cajar da aka samu. Wadda ta riga ta yi shekara huɗu a hannun wani, in ta iso nan ba ta kai azahar. To a sa kuɗin sabon batir cikin lissafi tun farko, a kuma sani samun na asali ba sauƙi. Fuska ma haka. Ta Itel ko Tecno kowane mai gyara yana da ita a durowa. Ta babbar Samsung kuwa sai an aika Gadarif, kuɗinta wani lokacin ya kusa na sabuwar Itel sukutum. Da can kayan gyara daga kasuwannin Kartum da Umdurman suke zuwa, yaƙi ya karkatar da hanyar, tsada ta ƙaru.

Sai kuma tsufan da ido ba ya gani. A Oktoba 2023 WhatsApp ta daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai na 5 ba, a 2025 kuma ta bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wayar lafiyarta lau, tana kira tana ɗaukar hoto, amma abin da aka saye ta dominsa ya tafi. Manhajojin banki ma haka suke yi, a hankali suna barin tsofaffi a baya saboda tsaro. Google ta yi alkawarin sabunta Pixel 8 ta 2023 har shekara bakwai, Samsung ta yi irinsa daga S24 ta 2024, amma waɗanda suka gabace su wa'adinsu bai kai haka ba, kuma daga ranar da samfurin ya fito ake ƙirga shi. Wadda ta shekara biyar da fitowa ta cinye mafi yawan rabonta tun kafin ta ga Hawata.

Ni in aka tambaye ni a rumfa, abin da nake faɗa ke nan. Tsohuwa mai shekara biyu ko uku da fitowa, a buɗe take, an gwada ta, an biya da kuɗi hannu: ciniki ne mai albarka, ya fi sabuwar da za ta riƙa daskarewa. Sabuwa mai sauƙin kuɗi da bashi gajere, farashi yankakke da fam, a rubuce: ba laifi ga wanda buƙata ta matsa. Wanda nake ƙi shi ne a haɗa biyun, tsohuwar waya da dogon bashi, domin a nan ne mutum yake wayar gari yana biyan kuɗin abin da ya riga ya mutu, kuma ba kwali ba garanti, ba inda zai kai kuka. Abin baƙin cikin shi ne wannan haɗin ne ya fi jan hankalinmu, saboda shi ne kafin alƙalaminsa ya fi sauƙi, shi ne kuma ya fi kyau a hannu ranar Juma'a.

Wanda duk ya ƙudurta zai sayi ta hannu, kada ya tafi shi kaɗai. Kowace unguwa tana da yaron da ya san kan waya, a tafi da shi, a saya masa shayi. Shi zai ce, “Baba, kawo in gani.” Zai danna *#06# lambar wayar ta fito, ya gwada ta da ta kwali in akwai kwali. In iPhone ce zai shiga ciki ya karanto lafiyar batir kashi nawa ta rage. Zai haska fuskar da farin shafi ya nemi tabo, ya sa caja ya ga ko tana kamawa ba tare da an karkata ta ba, ya sauke WhatsApp da Bankak ya ga sun buɗe. Zai kuma ce a goge wayar gaba ɗaya a sake kunna ta a gabanku, domin a nan ne kulle yake bayyana. Ɗan kasuwar da ya ce ba lokaci, ko ya ce ai shi ya riga ya gwada, a yi masa sallama cikin mutunci a matsa gaba. Wanda ya yarda aka goge, aka sa sim na Zain ya kama, aka sa na Sudani ya kama, aka kira Gadarif aka ji murya ras, sai a jawo benci a fara tayi.